Ƙafa Dubu Daga Ƙofar Nana Femia

Sufeto Eloy Archuleta yana tsaka da cin naɗin wake da barkono a cikin mota aka kira shi daga asibiti. Yara uku aka kawo daga gidan raino guda. Biyu sun yi amai sun dawo hayyacinsu. Ta ukun, Itzel, 'yar shekara huɗu, ko yatsa ba ta motsawa. Likita ya ce wiwi ce a jininsu, kuma ba 'yar kaɗan ba.

Ya naɗe sauran abincin ya jefa a kwandon shara. Bai ƙara jin yunwa ba ranar.

Gidan rainon na Eufemia Vigil ne, a bayan coci. Duk garin Arroyo Pardo Nana Femia muke ce mata. Ta haura shekara talatin tana riƙe 'ya'yan mutane, iyaye na gonar barkono ko suna aikin kanti. Da Sufeto ya iso ya tarar da taro a ƙofarta, kuma rabin masu zagin ita ta wanke musu kashi suna jarirai.

"Tsohuwar banza!" wata ta ɗaga murya. "Ashe bugar da su kike yi su yi barci ki miƙe ƙafa!"

Saje Noreen Zupan, mataimakiyarsa, ta riga shi zuwa. Ta ja shi tsakar gida. Igiya na lilo a reshen itace, a ƙasa kuma ga gawar pinyata, jakin kwali mai ado da takardu kala-kala, irin wanda ake cikawa da alewa yara su fasa da sanda ranar bikin haihuwa.

Nana Femia na zaune a kan kujerar yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Wani dattijo na tsaye ya dafa kafaɗarta. Leandro Maes ne, tsohon mai facin taya, kakan Itzel.

"Nana, gaya mini yadda aka yi," in ji Sufeto.

"Bikin Itzel ne, ɗana. Suka fasa jakin, na tattara alewar a roba kamar kullum. Ni ba a wawaso a gidana, manya danne ƙanana suke yi. Mai biki ce ke fara ɗiba, sannan in raba wa sauran."

"Me ta ɗiba?"

"Masu takardar zinare. Ta cika hannu biyu. Na ce ɗaya za ki sha, sauran sai an je gida. Na juya in yanka kek." Ta dubi tafin hannunta. "Juyawa kawai na yi."

"Kina ajiye wiwi a gidan nan? Don ciwon gwiwa, ko don barci?"

"Ni? Ko giyar coci kurɓa ɗaya nake yi."

Saje ta miƙo masa leda. Alewa biyu ne suka rage masu takardar zinare. Ya sa safar hannu ya ɓare ɗaya. Ja ce, mai danƙo, amma fuskarta ɗaya ba ta da santsi. Ya juya ta a rana. Kowace alewar wiwi da ake sayarwa a jihar nan da tambarin gargaɗi a jikinta. Wannan an aske nata da reza, sannan aka sake mata takarda mai ɗaukar ido.

"Ba faɗuwa ta yi daga jakar wani ba," ya ce wa Saje a hankali. "Zama aka yi aka shirya ta don bakin yaro."

Leandro ya yi gyaran murya. "Sufeto, ni na kawo jakin, ba abin ɓoyewa. Da safen nan na karɓa daga hannun Ofelia mai yin su, ko gida ban biya ba, na ajiye na wuce. Comadre ɗina ce wannan, ita ta riƙe mini 'yata Yesenia a coci ranar baftisma. Ba za ta cuci yaro da gangan ba. Tsufa ne kawai. Wani ya shigo mata da abu ba ta lura ba."

"Ba ka tsaya bikin ba?"

"Hayaniyar yara na sa mini ciwon kai. Amma ka san ni da wiwi. Wa ya riƙe kwalin zanga-zanga a zauren majalisa ranar da aka kawo maganar buɗe shagon sayar da ita? Na faɗa musu, na ce wata rana sai ta shiga bakin jikokinmu. To, ga shi."

Kafin rana ta faɗi ma'aikaciyar jiha ta zo ta manna takarda a ƙofa, an dakatar da lasisin Nana Femia har a gama bincike. Taron ya yi tafi. Saje ta kwashe ɓaraguzan jakin a babbar leda ta sa a bayan mota.

Washegari da safe suka je asibiti. Itzel na kwance, roba a hanci, ƙafafunta ba su kai tsakiyar gadon ba. Uwarta Yesenia ba ta runtsa ba.

"Kun kama ta?" ta tambaya tun kafin su gaisa.

"Muna bincike."

"Binciken me? A gidanta aka yi, a gabanta. Ni da na ɗauke ta uwa! In ba ku ɗaure ta ba, ni zan je in ɗaure ta da hannuna."

"Wa ya ce a yi pinyata?"

"Baba. Shi ya kawo maganar, shi ya biya." Ta share hanci da bayan hannu. "Mutumin da ko katin gaisuwa bai taɓa saya wa yarinyar nan ba. Sau ɗaya ya yi abin kirki a rayuwarsa, matar can ta mayar da shi makoki."

"Yana ina yanzu?"

"Yana wajenta, mana. Wai lallashinta yake yi ta je ta miƙa lasisin da kanta, ko alƙali ya tausaya mata. Baba ya cika sanyin zuciya."

 A mota Saje ta ce, "Jikarsa na kwance rai a hannun Allah, shi yana can yana lallashi."

"Na ji. Mu je mu ga mai sayar da kayan tukuna."

Shagon wiwi ɗaya ne a garin, can bakin babbar hanya. Mai shi Bryce Hollander, wani saurayi da ya zo daga gabas da gemu kamar na bunsuru da murmushin da ba ya kaiwa ido. Wurin na ƙamshin lemo, an jera kaya a gilashi sai ka ce kantin magani.

Ya dubi alewar ta cikin leda ya girgiza kai. "Ba tawa ba ce. Ba na sayar da mai wannan siffar, ka duba kantata. Daga wani gari aka sayo."

"Ka san Eufemia Vigil?"

"Sama-sama."

"Sama-sama," Saje ta maimaita. "Lilon da ke tsakar gidanta da sunan shagonka a ƙarƙashi. Da kekunan yara uku."

"To, laifi ne? Ina son yara."

"Faɗi sunan yaro ɗaya a gidan," in ji Sufeto.

 Hollander ya yi dariya. "Shi ke nan, kun kama ni. Ku zo ku gani."

Ya kai su ofishinsa. Taswirar gari ce manne a bango, an zazzana mata jajayen da'irori, wata kan wata. Duk wanda ya zauna a Arroyo Pardo ya san dokar: ba a buɗe shagon wiwi sai ya yi nisan ƙafa dubu daga makaranta, ko filin wasa, ko gidan raino mai lasisi. Ranar da majalisa ta zartar da ita an yi jawabai har da hawaye, wai don kare yara. Abin da ta haifar shi ne manyan mutane masu 'ya'ya suka koma kallon lilo da allon makaranta kamar turakun iyaka. Ni dai ban taɓa jin dokar da aka yi wa yara ta koya wa manya rashin kunya irin wannan ba.

"Makarantu biyu sun cinye arewa," in ji Hollander yana bi da yatsa. "Filin ƙwallo ya cinye yamma. Wancan ɗan filin mai benci ɗaya, ni na saya wa gari bencin, ya rufe mini gabas. Tsakiyar gari kuwa tsohuwar nan ce ta riƙe mini. Ita ce katangata, Sufeto, ita ke hana wani ya buɗe shago ya raba mini ciniki. Kullum addu'a nake yi kar mura ta kama ta. Ni zan sa mata wiwi a alewa? Ai gara in cinna wa shagona wuta."

Sufeto ya ji kamar ya wanke kunnensa. "In aka goge da'irarta, me zai buɗe?"

"Gini ɗaya tak mai wurin ajiye motoci." Ya ɗora yatsa a gefen jan layin, daga ciki kaɗan. "Ƙafa ɗari tara da arba'in. Sittin suka hana shi. Wani kamfani daga birni ya daɗe yana zagaya shi kamar ungulu."

"Na waye?"

"Tsohon shagon faci. Na dattijon nan mai kwali, Maes."

"Amma ai an dakatar da lasisinta tun jiya," in ji Saje.

"Dakatarwa ba ta goge da'ira. Sai an soke, kuma wannan sai a shekara ana shari'a. Ko kuma mai shi ya miƙa da kansa." Ya ɗaga kafaɗa. "Ya yarinyar, af?"



Suka biya ta tsohon shagon facin. Tun da Leandro ya daina aiki wurin ya zama gidan ɓeraye, tsofaffin tayoyi jibge har taga. Yau an kwashe tayoyin, an share fili, an sa sabon kwaɗo. A bakin kwalta, daidai kusurwar filin, ga ƙusa an kafa, an zagaye ta da fenti ruwan lemo.

"Aikin safiyo ne," in ji Saje. "Na ga irinta a kusurwar shingen Nana jiya, na ɗauka masu gyaran famfo ne."

"An auna, an sake aunawa, sittin ɗin sun ƙi tafiya."

"Wannan dalili ne, ba shaida ba. Lauyansa zai ce kowa na iya auna filinsa."

"Gaskiyarki. Ɗauko mini jakin."

Ofelia Rael a garejin gidanta take aiki, hannuwanta kullum fari fat da kwaɓin fulawa. Jakuna da taurari na rataye a rufi suna shan iska. Da ta ga ledar ta ɗora hannu a ƙirji.

"Ni alewar kanti na zuba, a rufe daga kamfani. Ku tambayi kowa, shekara nawa ina yi."

"Yaushe Leandro ya karɓa?"

"Tun Laraba."

"Ya ce jiya da safe."

"To ya yi ƙarya, ko ya rikice. Laraba ce, don har ciniki ya tsaya yi da ni kamar zai sayi gona. Na ce masa, Leandro, jakin kwali ne, ba ya haihuwa."

Sufeto ya zazzage ɓaraguzan a kan teburinta. "Nuna mini inda kika zuba alewar."

Ta lalubo bayan jakin. "Nan. Ƙofa nake yankawa mai kusurwa huɗu, in zuba, in mayar, in shafe da fulawa." Ta ci gaba da juya guntayen, sai ta tsaya a kan wani guntu na tumbin jakin. Ta yamutsa fuska. "Wannan kuma fa? Wa ya taɓa mini aiki?"

Ta ɗaga takardun adon. A ƙarƙashinsu akwai rami ƙarami, zagayayye, an rufe shi da baƙar roba ita ma zagayayya. An kankare kwalin kewaye da ramin kafin a manna, an kuma zaftare gefen robar ya kwanta lif, ko farce ba ya shiga. Sufeto ya kai hanci. Warin sholisho ya doke shi.

Saje ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ya yi wa jaki faci."

"Kowa a garin nan salatif zai manna ya wuce," in ji Sufeto. "Amma hannun da ya shekara arba'in yana abu ɗaya bai san wata hanya ba. Ya ga rami, ya toshe shi yadda iska ba za ta fita ba."

Wayar Saje ta yi ƙara. Ta saurara, ta dube shi. "Ofis ne. Nana ta bugo, wai a gaya maka kar ka wahala, za ta je ta miƙa lasisin. Compadre ɗinta Leandro zai kai ta."

Sufeto bai taɓa kunna jiniya a cikin gari ba sai ranar.

Suka tarar da tsohuwar motar Leandro a ƙofar gidan, injin na aiki. An fasa ƙwai a jikin ƙyaure, ya bushe. Nana Femia na saukowa daga matakala cikin rigar zuwa coci, ta rungume lasisinta da firam ɗinsa, yadda ta ciro shi daga bango. Leandro na riƙe da gwiwar hannunta.

"A hankali, comadre. In kin sa hannu kin huta. Ni zan yi wa Yesenia magana, ba wanda zai kai ki kotu."

"Nana, koma ki zauna," in ji Sufeto. "Leandro, kashe motar."

"Sauri muke, Sufeto, ofishin rabin rana suke yi ranar Asabar."

"Na sani. Kai ma ka sani, da alama. Yaushe ka karɓi jakin?"

"Na gaya maka, jiya."

"Ofelia ta ce Laraba."

"Ofelia ta tsufa."

"Kowa ya tsufa a bakinka. Wa ya kafa ƙusa a kusurwar filinka?"

"Ban sani ba. Ma'aikatan gari, ƙila."

"Wa ya kwashe tayoyin?"

"Laifi ne mutum ya share wurinsa?"

"Ƙafa nawa ne daga can zuwa nan?"

"Ɗari tara da..." Ya haɗiye sauran.

Nana Femia ta dube shi. "Ɗari tara da me, compadre?"

Saje ta buɗe leda ta ajiye guntun kwalin a kan bonet, facin na sama. Leandro ya dube shi. Yatsansa ya tafi da kansa ya shafa gefen robar, kamar mai duba ko ta kama, sannan ya janye hannun da sauri.

"Aiki mai kyau," in ji Sufeto. "Ubana kan ce facin Maes ya fi sabuwar taya. Za mu je gidanka yanzu da takardar bincike. Za mu sami gwangwanin sholisho, da robar da ka yanko wannan, ramin na nan a jikinta. Kai ba ka zubar da abu, ko askin alewar ma na san yana cikin wata kwalba. Ka faɗa da bakinka, ko in faɗa maka?"

Leandro ya zauna a kan matakala. Ya cire hula. Sufeto ya jira kuka, amma abin da ya fito ƙorafi ne.

"Na karanta kwalin alewar sosai. Ɗaya ba ta kisa. Na lissafa yaran, na zuba yadda kowa zai sami ɗaya a wawaso. Su yi layi, su yi barci, iyaye su yi ihu, shi ke nan. Wa ya taɓa jin an fasa pinyata ba a yi wawaso ba? A duk duniya wawaso ake yi!" Ya juya ga Nana Femia da fushi na gaske. "Ke ce da ƙa'idojinki! Da kin bar su sun yi yadda yara ke yi, da yanzu Itzel na gida."

Saje ta juya baya ta dafa shinge.

"Jikarka ce," in ji Sufeto.

"Don wa nake yi in ba don ita ba? Ginin nan shi kaɗai na mallaka. Mutanen birni suka zo da hayar da ban taɓa ji ba, safiyo ya ce ƙafa sittin. Ƙafa sittin, Sufeto, tsawon motoci uku! Na roƙe ta. Na ce comadre, ki huta, kin yi aiki. Na ce ki koma gidan 'yar'uwarki da yaran, can ma akwai fili. Ta ce a nan aka san ta."

"Ka ce gwiwata kake tausayi," in ji Nana Femia. Muryarta ba ta tashi ba. "Har man zafi ka kawo mini."

"Kuma kwalin da ka riƙe a majalisa?" Sufeto ya tambaya.

"Lokacin ban san nawa suke biya ba."

Sufeto ya ciro ankwa. Ya kama masu kisa, ya kama wanda ya doki uwarsa, amma bai taɓa ƙyamar taɓa wuyan hannun mutum irin na ranar ba. Ya karanta masa haƙƙinsa da sauri kamar mai tofar da abu mai ɗaci.

Maƙwabta sun fara fitowa. Matar da ta yi zagi jiya ita ce a gaba, hannu a baki. "Leandro? Ai ni dama ban taɓa yarda da shi ba!" Nana Femia ko kallonta ba ta yi ba.

"Comadre," in ji Leandro, an miƙar da shi tsaye. "Kar Yesenia ta ji daga bakin 'yan sanda. Ke kin iya magana da ita. Ki ce mata kuskure ne."

Nana Femia ta gyara riƙon firam ɗin. "Jiya ka zauna a kicin ɗina, na dafa maka kofi, ina kuka kana ba ni hankici. Ka bar ni na kwana ina tambayar Allah ta ina na yi sakaci. Har na yarda ni ce." Ta hau matakala ɗaya, ta juyo. "Yesenia daga bakinka za ta ji. Ni kuwa ina nan. In an ɗage dakatarwar zan buɗe ƙofata, ko yaro ɗaya aka kawo mini zan riƙe shi. Ka gaya wa mutanen birni su ci gaba da aunawa."

Ta shiga ta rufe ƙofa.

Saje ta sa shi a bayan mota ta zauna kusa da shi. Suna hawa titi aka bugo daga asibiti. Sufeto ya saurara ya ajiye.

"Itzel ta buɗe ido," ya ce, ba tare da ya waiwaya ba.

"Madalla," in ji Leandro. "Ka gani? Na ce ba ta kisa."

Suka wuce coci, suka wuce makaranta. Dattijon ya yi ta motsi a kujera, ya yi gyaran murya sau biyu. Sufeto ya dube shi ta madubi. Ya ɗauka zai roƙi a biya da shi asibiti, har ya fara tunanin ko zai yarda.

"Sufeto, tambaya ɗaya. Ai dokar gini take kallo, ba mai ginin ba, ko? In ita ta gaji da kanta, ko Allah ya yi mata rasuwa, kamun nan da aka yi mini ba zai hana a ba wurin lasisi ba?"

Sufeto ya sauke gilashi ya tofar da yawu a kwalta.

"Ba zai hana ba," ya ce. "Amma ka gyara zama, Leandro. Uwar Nana sai da ta shekara ɗari da biyu."